Turken Baba Kumai

Milka, maƙwabciyar Baba Kumai, ta shigo da kwanon kunu ta tarar Azariya, dattijon ikilisiya, ya riga ta. Yana tsaye a bakin gadon da Kumai ke jinya, ko kujerar da aka ba shi bai kalla ba. Saƙon majalisar coci ya kawo: ko Kumai ya janye maganarsa a tumɓuke turken nan na gona, ko kuwa in ta Allah ta kasance ba za a kwantar da shi kusa da matarsa Tamar a maƙabartar coci ba.

Duk garin Nok an san turken. Shekara talatin Kumai ne ke sasanta manoma da makiyaya, dokarsa kuma ɗaya ce: in dabba ta yi ɓarna a kafa turke a wurin, kada a taɓa komai sai mai dabbar ya zo da ƙafarsa ya gani. Da aradu ta kashe Tamar tana cire ciyawa a gonar citta, sai ya kafa turke a inda ta faɗi. Tun daga ranar bai sake noman wurin ba, bai kuma sake taka coci ba.

"Mai shanu yakan zo," in ji Kumai da dusasshiyar murya. "Tsawa ta wa ce? Ya zo ya gani."

Azariya ya gyara tsayuwa ya shiga bayani, wai Allah ne ya kafa doka, doka kuwa ba ta hawa kansa. Duk abin da ya yi daidai ne, don shi ya yi. Milka ta tsani yadda mutumin ke lasar leɓe in yana wa'azi, sai ka ce miya ya sha.

"Ni ma na kafa doka," in ji Kumai. "Ran da akuyata ya ci masarar Sajo, ban je ba? Na je, na cire hula a gaban Bafulatani. Na fi Allah hali ke nan?"

Azariya ya ce wannan saɓo ne, ya kwashe Littafinsa ya fita ko sallama babu.

Milka ta durƙusa. Ita ta yi wa gawar Tamar wanka, ta kuma san filin da aka bari a gefen kabarinta. Ta roƙe shi ya faɗi kalma ɗaya tak, ko da ba ta kai zuci ba.

"Ki koya mini ƙarya a bakin kabari? Kai kununki gida."

Ta fita tana huci, ta rasa wanda ta fi jin haushi a cikin tsofaffin biyu.

Ranar Alhamis da hantsi Kumai ya cika. A gonar aka binne shi, ba waƙa, don an hana zumuntar matan coci zuwa. Sajo da 'ya'yansa ne suka kama haƙan kabarin.

Da aka watse, Milka ta tsaya ita kaɗai. Ta ƙudura ta cire tsinannen iccen da ya raba mata da miji har a ƙasa. Ta kama shi, ta ji ruwan jiya ya riga ya sassauta shi, ja ɗaya zai fito. Ta daɗe tana kallon ciyawar da ta cinye inda Tamar ta faɗi. Sai ta laluba ta ɗauki dutse, ta ƙara buga turken ƙasa.