Lambar da Ta Fito a Bango

Daminar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa na gabas da Haɗeja, kan hanyar Guri, kowa ya san ba kogi ne da kansa ya fasa jingar da ke tare shi ba. An ga sawun shebur a wurin. Wani ne ya sare ta don ruwan ya kauce wa gonarsa, ya malala kan na jama'a.

Bushira ce sakatariyar ƙungiyar manoman fadamar. A hannunta kwamfutar ƙungiya take, wadda ake jona wa majigi a ɗakin taro. Duk mai hoto ko bidiyo a wayarsa sai ya haɗa ta da kwamfutar ba tare da kebul ba, fuskar wayar ta fito ɓaro-ɓaro a bango. Kwamfutar ba ta tambayar kowa komai. Kana taɓawa ta karɓe ka.

A taron farko, bayan azahar, Baba Gwadabe masunci ya miƙe ya ce yana da abin nunawa. Ranar da aka sare jingar yana cikin kwalekwalensa a bayan ciyawar kacalla, ya kuma ɗauki bidiyo. Yana cikin lalubar wayarsa sai bangon ya yi haske. Hoton ƙofar gidansa ne ya fito, jikokinsa na wasa a gaba. Sai wani hoton ya biyo baya: kwalekwalensa a kife, an huda cikinsa.

"Baba, daga wayarka ne?" in ji Bushira.

Gwadabe ya mai da wayar aljihu, ya zauna.

"Na yi kuskure, 'yata," ya ce. "Ban ɗauki komai ba."

Malam Zarami, shugaban ƙungiya, ya sa aka leƙa waje. Masu a-daidaita-sahu ne jere a bakin titi, da 'yan kifi, da masu jiran mota, kusan kowa da waya a hannu. Aka tashi taron ba a yanke komai ba.

Da yamma Bushira ta ɗauki kwamfutar ta nufi kasuwa, shagon yayanta Rilwanu mai gyaran waya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya buɗe saitin.

"Ai a buɗe kuka bar ta," ya ce. "Ko daga tsallaken titi mutum zai iya shiga. Na sa mata lamba. Duk wanda ya nemi haɗuwa, lambar za ta fito a fuskar kwamfutar, sai ya rubuta ta a wayarsa kafin ta karɓe shi. Kowane lokaci sabuwa ce."

"Wanda bai ga fuskar ba fa, Yaya?"

"Ba shi da hanya."

Sai da Malam Zarami ya taka da kansa har gidan Gwadabe kafin tsohon ya yarda ya dawo. Ranar taro na biyu hadari ya haɗu tun hantsi. Bushira ta rufe tagogi, aka sa sakata a ƙofa, 'yan kwamiti da Gwadabe kaɗai aka bari a ciki. Ta jona majigi kamar kullum. Ba ta yi tunanin cewa duk abin da ke fuskar kwamfutar yana bayyana a bango ba.

Gwadabe bai ko fito da wayarsa ba sai ga lambobi manya sun fito a bangon. Wani na neman haɗuwa. Bushira ta kai hannu za ta zare majigin, amma ta makara. Lambobin suka ɓace, hoto ya maye gurbinsu.

Amira ce, 'yar Bushira, tsaye a ƙofar Islamiyya da farin hijabinta. Da shi ta fita yau da safe.

Bushira ta dubi tagogin, a rufe suke ruf. Ta dubi mutanen da ke kan bencina, dattawan da take durƙusawa ta gaida kullum. Ɗayansu ne ya karanta lambar. Kowa hannunsa na cikin riga ko ƙarƙashin benci.

"Kashe abin nan," in ji Malam Zarami.

"A bar shi, Malam," ta ce. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta faɗi haka ba. Ta dai kasa ɗauke ido daga fuskar yarinyar.

Ana cikin haka kira ya shigo wayar da ke haɗe. Sunan mai kiran ya rufe hoton, kowa ya karanta: Sakinatu Gida. A lokacin kuma wani abu ya fara gurnani a aljihun Alhaji Abdulmannan, mataimakin shugaba, wanda gonarsa kaɗai ta tsira a wannan ɓangaren. Babu wanda bai san sunan matarsa ba.

Bai yi gardama ba. Ya fito da wayar a natse, ya kashe ta, ya gyara hularsa. Da ya isa ƙofa ya juyo ya dubi Bushira.

"Kin ɗauka da hannu ɗaya aka sare jinga?" ya ce, ya zare sakata ya fita.

Bushira ba ta tsaya ganin bidiyon Gwadabe ba. Ta tari babur cikin yayyafi ta tafi ta ɗauko Amira. Daga baya ta ji cewa mutum huɗu ne a bidiyon, fuskar Abdulmannan kaɗai ta fito. Maganar ta kai gaban hukuma, aka tsare shi, amma ya ƙi ambaton sauran.

Washegarin taron Bushira ta kai Amira Birniwa wurin kakarta. Yarinyar ba ta dawo ba har aka yi girbi, kuma ko da ta dawo, Bushira da kanta take kai ta makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa sai ta ga shigarta.