Jan Fenti a Jikin Kirya

Shekarar da aka kafa ƙananan hukumomi, sabon malamin daji ya zo wani ƙauye kusa da Kuceri a kan babur. Sunansa Rabi'u. Ya tara mutane a gindin masallaci, ya ce daji na ƙarewa, hamada na matsowa, daga yau duk babban icen da aka shafa wa jan fenti hukuma ce mai tsaronsa.

Ya nemi wanda zai kai shi inda manyan itatuwan suke. Ba wanda ya saba nuna wa baƙo itatuwansa. Sai tsoho Arzika, wanda bai taɓa rantsuwa a banza ba, ya miƙe ya ce, "Yaron nan gaskiya ya faɗa. Ni zan kai shi."

Kwana tara suna yawo. Arzika ya nuna masa kowace kirya da kowane maɗaci, har waɗanda ke cikin kwazazzabo, inda makiyaya kaɗai suka sani. Rabi'u yana zagaye kowane gindi da jan zobe, yana cewa, "Baba, jikokinka za su yi maka addu'a."

Bayan girbi sai ga mota da masu zarto daga Gusau. Ba su tambayi kowa hanya ba. Fentin suke bi. Arzika ya tare su, shugabansu ya nuna masa takarda mai sa hannun Rabi'u.

"Tsoho, matsa. Waɗanda aka yi wa alama muka saya."

Maƙwabcinsa Mas'udu yana tsaye a bakin gona. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗan jagora. Maɗacin kakana ma kai ka kai su?"

Arzika ya juya ya koma gida. Da safe ya ɗauki ruwa da toka ya nufi kiryar gonarsa. Ya goge har hannunsa ya saɓule, fentin bai motsa ba. Ya zaro wuƙa zai kankare ɓawon, sai ya tsaya. Zoben ya zagaye gindin duka, kuma ya san icen da aka ɓare kewaye ba ya ganin damina.

Daga kwazazzabo ana jin zarto.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗaga murya.

"Mas'udu! Kawo gatarinka."

"Ka yi mi da shi?"

"In sare ta da hannuna. Ko turmi matata Lantana ta samu."

Mas'udu ya dube shi. Ya shiga gida ya fito da gatari biyu.