Ranar da Waƙa ta Tsaya a Rijiya

Yayana ba ya haƙa rijiya sai yana waƙar coci. Muryarsa kuwa kamar ana jan tsohon kwano a kan siminti. Na sha yi masa tsiya.

"Yaya, ƙungiyar mawaƙa ta kore ka, shi ne ka zo kana azabtar da ƙasa?"

"Kai dai riƙe igiya, Sarkin Sauri. Muddin kana jin muryata, ina numfashi. Ranar da ka ji shiru, iska ta ɓaci."

Ƙa'idarmu ke nan tun da na bar makaranta na bi shi aiki. Akwai ta biyu: kowace safiya kafin ya sauka, ni ke zura fitila da igiya har ƙasa. In ta mutu ba mai shiga, domin akwai wata muguwar iska da ke kwanciya a gindin rijiya, ba wari, ba launi.

Ran nan ashanarmu ta jiƙe. Shago yana can bakin titi, ni kuma na ƙosa mu gama. Da Yaya ya dawo daga ɗauko diga ya tambaye ni, na ce fitila ta ci lafiya lau. Ya yi 'yar addu'arsa ya sauka, zurfin gaba takwas.

Na jawo guga uku na laka. A na huɗu waƙar ta fara tsinkewa, sannan ta tsaya a tsakiyar kalma.

"Yaya!"

Na leƙa. Yana zaune jingine da bango, kansa a ƙirji. Igiyar da ya kamata ta kasance a ƙugunsa tana lilo gefe. Yakan kwance ta don tana hana shi sakewa da diga.

Na zura ƙafa ɗaya ke nan sai dattijuwar da muke wa aikin ta cafke rigata ta baya.

"Ina za ka? So kake a fito da mutum biyu?"

"Mama, sake ni!"

"Ba zan sake ba. Me ya koya maka a yi?"

Sai na tuna. Laima. Ta kawo tata babba da gudu tana ƙwala wa maƙwabta kira. Na buɗe ta, na ɗaure a kife, na zura. Haka ake kwaso muguwar iska a zubar, mai kyau ta sauka. Amma ina fizga da sauri, laimar tana dukan bango tana juyewa.

"A hankali, ɗana. Ɗauki waƙar yayanka, ka bi da ita."

"Mama, shekara biyu rabona da coci. Kuma ni na jawo wannan. Ƙarya na yi masa, ban zura fitilar ba."

"Yesu ya ji abin da ya fi wannan. Yi waƙa, ja igiya."

Ta durƙusa a cikin lakar tana addu'a. Baiti ɗaya kawai na riƙe, mai cewa babu ramin da ya yi wa Yesu zurfi. Na fara da ƙyar. In na kai ƙarshen layi laima ta kai ƙasa, in na sake ɗauka ta hau. Jan igiyar ya daidaita. Igiya ta saɓule min tafi ban sani ba. Maza uku sun iso suna ta shawarwari, ban ji ko ɗaya ba. Sau nawa na maimaita baitin? Wataƙila talatin.

Sai tari ya taso daga ƙasa. Bayansa wani gurnani mai muni, wai shi amshi.

"Yaya! Ɗaura igiya! Ƙugunka!"

Ya daɗe yana lalube kafin ya ƙulla. Mu huɗu muka jawo shi. Ya kwanta a gindin bango yana haki, Mama tana yi masa fifita da gefen zaninta.

Da idonsa ya washe, ya dubi fitilar a inda na ajiye ta, gilashinta sanyi ƙalau. Ya dube ni.

"Ban kunna ba, Yaya."

Na gwammace ya mare ni da wannan kallon.

"Na ji ka daga can ƙasa," ya ce. "Ashe muryarka ta fi tawa muni. Je ka sayo ashana. Sauran baiti uku ne, zan koya maka kafin in sake sauka."