Bindigar Khulu Ta Miƙe

Bindigar ta mutu ana dab da bikin baje kolin amfanin gona. Khulu Mabhena, kakana, ya sauko da ita daga bango, ya karya ta yadda ake buɗe ta, ya sa 'yar dalma, ya ja kunama. Ta yi tusa. Dalmar ta gangaro ta faɗi a kan takalminsa.

Ya daɗe yana kallon takalmin.

"Zenzo. Kai ne ka yi sakandare."

"Na faɗi lissafi, Khulu."

"Ba lissafi na ce ka yi ba, ɗan banza. Gyara."

Ba abin da nake yi dama. Tun da sakamakon jarrabawa ya fito nake zaune a bayan gida ina kallon kaji. Ƙofar akurkinsu ba ta rufuwa. Su fita, su dawo, su sake fita. Sun fi ni wurin zuwa.

Bindigar iska ce, ta harbin takarda. Wani Bature manomi ya bar wa garinmu ita lokacin da ya tattara ya tafi. Ita kaɗai ce daga nan har garin Plumtree, da ita kowa ke harbi a gasa, kuma wanda ya ci shi ke tafiya da ita gida sai shekara ta zagayo. Tun kafin a haife ni take bangon Khulu. Tshuma, tsohon direban jirgin ƙasa, ya kafa ƙusoshi biyu a falonsa tun yana da haƙora, yana jiran ta. Khulu ya ce ranar da ta bar gidan nan, a haƙa masa kabari.

"A haƙa da faɗi," in ji Gogo MaNleya, kakata, tana tuƙa tuwo. "Ku tafi tare."

Na kwance ta a kan buhu. Sifirin ɗin ciki ya karye gida biyu. Fatar da ke tura iska ta bushe kamar kilishi. A cikin bututun zanzaro ya yi gini, har da 'ya'ya. A gindinta, inda katako ya tsage, na ciro gashin kaza. Ban yi tunanin komai ba.

Sifirin na samo wurin mai gyaran babur. Sai da na danne shi da jak ɗin mota kafin ya shiga, ya kuɓuce sau ɗaya ya tafi gidan maƙwabta. Fata kuwa na yanko daga harshen takalmin cocin Khulu, na jiƙa ta da man keken ɗinkin Gogo. Man ya yi yawa. Harbin farko ta yi ƙara kamar ta gaske, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, Gogo ta fito da muciya.

Da na goge tsatsa sai na ga abin. Na ɗaga bututun ina leƙen haske, hasken bai zo daidai ba. Na mirgina shi a kan gilashin tebur, yana ɗingishi. A karkace yake, zuwa dama. Raina ya ɓaci. Komai na garin nan a karkace yake, na ce wannan ɗaya dai zai miƙe. Na sa shi a tsakanin rassan bishiya, ina dannawa a hankali, ina leƙawa, har rana ta yi sanyi. Ya miƙe sak. Na zana baƙin ɗigo a kwali irin na tsakiyar takardar gasa, na harba. Tsakiya. Na sake. Rami ɗaya.

Ban yi murmushi ba, amma na kusa.

Khulu bai gwada ta ba. Ya ce harbi kafin gasa yana cinye sa'a. Ya shinshina ta kawai, ya mayar bango.

Ranar biki aka kafa takarda a inda aka saba, bayan rumfar kabewa. A hagu da ita akwai wata dirka, an kafe murfin kwalba a jiki, ya yi tsatsa. Ni ban taɓa kallon gasar ba, kullum ina makarantar kwana in ana yi. Alƙali shi ne Nkiwane, malamin gona, da hular kwano da usur. Ya aro teburin da Gogo ta jera kabewarta, don masu harbi su ɗora gwiwar hannu.

Tshuma ya fara. Ya tofa yawu, ya dubi Khulu.

"Mabhena, ka yi mata sallama? Na share bangon, har fenti na yi."

"Ka rataya haƙoranka na roba a kai, su ma suna neman wuri."

Tshuma ya kwantar da kai, ya ja kunama. Ƙyal! Murfin kwalbar ya girgiza. Takarda ko ƙwarzane.

Ya sake. Ƙyal!

Na gaba ya karɓa, wani tsoho mai sayar da gawayi. Ƙyal. Na bayansa, ƙyal. Duk wanda ya zo sai ya buga murfin nan a tsakiyar cibiya, murfin da bai fi ƙwayar ido ba. Ban taɓa ganin gwanaye irinsu ba. Nkiwane yana busa usur yana cewa, "Sifili."

Khulu ya jawo ni gefe da kunne.

"Me ka yi mata?"

"Na gyara."

"Me ka gyara?"

"A karkace take. Na miƙar."

Ya saki kunnen. Ya dube ni kamar na ce na yanka saniyarsa.

"Wa ya aike ka? Mu da ita mun fahimci juna. Ka auna murfi, ta kai maka baƙi. Haka Baturen ya tafi ya bar ta… a'a, haka dai muka san ta. Yaro ma ya san wannan."

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Ana faɗa wa mutum cewa ruwa na jiƙa?"

"To ka auna baƙin, Khulu. Kai tsaye."

Tshuma ya ji. Ya fashe da dariya har sai da ya riƙe haƙoransa.

"Ku ji ɗan boko! A auna baƙi, wai. Kamar baƙon da ya sauka daga bas. Mabhena, in ka auna baƙi a gaban jama'a, ka cire wandon nan ka ba jikanka."

Nkiwane ya busa usur. Ya ce doka ta ce in ba wanda ya taɓa takarda, bindiga ta koma hannun kwamiti, a kulle ta a ofis tare da maganin feshi. Wani ya ce a matsar da takardar kan dirka mana. Nkiwane ya ce takarda ba ta motsi, kwamiti ne ya auna wurin. Wani ya ce to a ba murfin maki. Ya ce murfi ba ya cikin doka. Mai gawayi ya nemi a ba shi bindigar ya taka ta da ƙafa ta koma yadda take. Na tsaya a gabanta. Sai ya koma.

Saura Khulu. Ya share gumi. Na ga ya saci kallon Tshuma, sannan ya kai bakin bindigar kan baƙi, a ɓoye, kamar mai satar nama a tukunya. Sai bakin ya fara tafiya. A hankali, shi kaɗai, zuwa hagu, kamar jakin da ya san hanyar gida. Khulu ya dawo da shi. Ya sake tafiya.

Ƙyal.

Murfin ya faɗo ƙasa. Wasu suka cire hula.

Khulu ya zauna a kan wata kabewa. Nkiwane ya miƙa hannu zai ɗauki bindigar, sai ga Gogo ta ratso taron, zane ɗaure a ƙugu.

"Nkiwane, teburina. Masu duba kabewa sun zo, kayana na ƙasa kamar na marainiya."

"Gogo, a yi haƙuri, sai an rufe gasa. Ba a rufewa sai an tabbata ba sauran mai harbi."

"Me ake harbi?"

"Waccan takardar."

"Ita ce tun safe? Miƙo."

Aka yi dariya. Na karya mata bindigar, na sa dalma. Ta riƙe ta kamar taɓarya, ba ta ko rufe ido ɗaya ba. Ta dubi takarda, ta nuna takarda, ta ja.

Nkiwane ya je ya duba, ya daɗe, ya dawo. Dalmar ta ɗan gutsuri zoben ƙarshe, can gefe.

"Maki ɗaya," ya ce. Ya busa usur ba ƙarfi.

Tshuma ya ce mace ba ta cikin doka. Nkiwane ya ce ba ta ciki, ba ta waje. Gogo ta saɓa bindiga, ta ce in ɗauko tebur.

A hanya Khulu ya farfaɗo. Har waƙa ya yi.

"Gida ɗaya ne ai, MaNleya. Bango ɗaya."

"Wa ya ci?"

"Ke."

"To."

Da muka isa ba ta shiga falo ba. Ta zarce bayan gida, ta kora kaji ciki, ta tura ƙofar akurki, ta kafa gindin bindigar a ƙasa, ta tokare ƙofar da bakinta. Akwai wani ɗan rami a jikin katakon, tsoho, ya yi sumul. Bakin bindigar ya shige shi daidai.

"Duk shekarun da kake can birnin Goli kana haƙar zinariya, ita ke riƙe mini ƙofar nan," ta ce. "Ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ta shige kicin.

Khulu ya tsuguna. Ya dubi ramin, ya dubi bututun, ya dubi yadda nauyin ƙofar ke danna shi zuwa dama. Na zaci zai yi kuka. Sai ya tashi, ya ɗauko wani dutse babba, ya jingina a bayan ƙofar don ta ƙara nauyi.

"Zuwa baɗi ta warke," ya ce. "Kai kuma in ka sake taɓa ta, sai na karya ka. Je ka nemo mini murfin kwalba."

Na koma inda nake zama. Kaji suna ciki. Yanzu ba mai zuwa ko'ina.