Jaririnki Ya Kai Girman Mangwaro

"Ba yanzu ba, Auta."

"To yaushe ne yanzun, Manaja? Tun ina sabuwa a kamfanin nan nake jin ba yanzu ba."

Manaja bai ko ɗago daga kwamfutarsa ba. Auta tana tsaye gaban farin allon da suke manna ayyuka a ƙananan takardu: na yau a hagu, na mako a tsakiya, na "wata rana" can ƙarshe kusa da fanka. Takardarta tana can ƙarshen, ta koɗe, gam ɗinta ya bushe har wani ya ji tausayinta ya liƙe ta da salatef. Abin da ke jikinta bai da yawa: maɓallin da mace za ta danna idan cikinta ya zube.

Manhajar tasu ta masu juna biyu ce. Kowace safiya tana aika wa mace saƙo, ta gaya mata inda ɗan cikinta ya kai. Auta ce ta tsara hanyar saƙonnin, ita ce kuma ta rubuta kalmomin, ta zuba musu zuma kamar wasiƙar masoyi. Don alfahari, da hannunta ta saka wa yayarta manhajar ranar da aka yi musu albishir cewa yayar ta samu ciki.

Cikin Yaya ya zube a watan jiya.

Shekaranjiya da hantsi Auta ta je duba ta, ta same ta tana gugar rigunan mijinta, riga ɗaya take ta maimaitawa. Waya ta yi ƙara a bakin taga. Yaya ba ta waiwaya ba, ta ce, "Duba mana, ai rubutunki ne."

*Barka da hantsi, Mama! Yau jaririnki ya kai girman mangwaro. Kin yi masa waƙa?*

Yaya ta riga ta goge manhajar, amma saƙonnin ta lambar waya suke shigowa. Ƙofar fita ɗaya ce tak, maɓallin "Na haihu", shi kuwa sai ka ba shi suna da nauyin jariri. Yaya ta ajiye dutsen guga, ta tambaye ta ba faɗa ba kuka: "Wane suna zan saka masa, Auta?"

Tun daga lokacin abinci bai yi wa Auta ɗanɗano ba.

"Ki fahimce ni," in ji Manaja, ya cire tabarau yana murza ido. "Jibi masu zuba jari za su zo. Abin da suke dubawa shi ne mata nawa ke tare da mu. Ke kuma so kike mu buɗe musu ƙofar fita da hannunmu? Ban da haka, wace mai ciki ce ke son ta buɗe waya ta ci karo da kalmar ɓari? Mummunan fata ke nan. Ki gama mana balan-balan tukuna."

"Balan-balan!"

"E, masu tashi a fuskar waya idan jariri ya motsa. Mutane na son su."

Dogo, abokin aikinta da ke teburin gefe, ya turo kujerarsa mai taya har ta bugi tata, ya rage murya. "Ke dai kina da son wahala, Malama Tausayi. Kawo lambar Yaya in cire ta daga rumbun bayanai. Kafin shayinki ya huce an gama, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Wallahi ta so. Har ta ɗauko wayarta ta lalubo lambar. Gobe da safe tagar Yaya za ta yi shiru.

"Sauran fa?" ta ce.

"Waɗanne saura?"

"Waɗanda ba su da ƙanwa a ofishin nan, Dogo. Su wa zai goge musu?"

Dogo ya sosa ƙeya, ya ja kujerarsa baya. "Ni dai taimako na ce zan yi."

Ta san da su, ba ta dai taɓa tsayawa ta dube su ba: matan da suka daina buɗe manhajar rana ɗaya, a tsakiyar ciki, ba sallama. A taron mako "masu sanyin jiki" ake ce musu, har an sa ta ƙara musu saƙon tuni. *Mama, mun yi kewarki!* Ita ta rubuta wannan ma, har da alamar zuciya. Ashe duk karatun da ta yi, duk kwanan da idonta ya yi a kan allo, ƙarshensa ta ƙera injin da ke bin mata gida-gida yana fama musu ciwo cikin fara'a?

"Auta, ina jiran balan-balan kafin a tashi," in ji Manaja, ya mayar da tabarau.

Ta miƙa hannu ta fizge takardar. Salatef ɗin ya taho da fentin allo. Ta bi ta gaban fanka, ta wuce na mako, ta danna ta a saman layin yau da tafin hannu har allon ya girgiza. Duk ofishin ya ɗago.

"Manaja, yau wannan zan yi, kuma yau zai hau kan kowace waya. Balan-balan su jira wata rana. In korata za ka yi, ka bari in gama tukuna."