Ƙasar Cikin Kwalba

Ba a shiga gonar Erwin Noack sai an tsoma takalmi a ruwan magani. Ko fasto ne ya zo, sai ya tsoma. Erwin yana yin haka ne saboda ƙwaron da ke cin saiwar inabi. Ƙwaron ya cinye gonakin Turai tun zamanin kakanni, amma bai taɓa taka kwarin Barossa ba. Shi ya sa itatuwan da kakan babansa ya dasa suke tsaye har yau, suna ba da giyar da ake zuwa nema daga nesa.

Ana gab da tsinkar inabi Gudrun ta iso daga Jamus. Tsatsonsu ɗaya. Kakan baban Erwin ya hau jirgin ruwa ya zo nan, ƙaninsa ya tsaya a gida, ita kuma daga wannan ƙanin ta fito. Yawon garuruwan giya take yi, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga dangi. Ta tsoma takalmanta tana dariya, ta kwana.

Da safe ana karyawa ta fito da wata kwalba ta ajiye a gabansa. Baƙar ƙasa ce a ciki, rabi. Ta ce daga tsohuwar gonar gidansu ta ɗebo, inda kakanninsu suka yi noma, kuma a cikin safa ta ɓoye ta don kada a ƙwace a filin jirgi. Tana faɗa fuskarta cike da murna.

Elva, matar Erwin, ta ajiye butar shayi. Erwin ya dubi kwalbar ya daɗe. Sannan ya tambaya ina sauran rabin.

Gudrun ta ce ai ta fita tun kafin su tashi, ta zuba a gindin wata bishiya, don ƙasar can ta gaisa da ta nan. Ta burkuta da ƙafa, ta yayyafa ruwa.

"Wace bishiya?"

"Wata mai karkataccen gindi, Kawu."

Elva ta ce, "Duk karkatattu ne, 'yar nan, kamar mai su."

Ba wanda ya yi dariya. Elva ce ta yi mata bayanin ƙwaron, cewa a ƙasa yake tafiya, kuma ido bai cika ganinsa ba. Gudrun ta ce ai ta wanke takalmi. Sai kuma ta dubi kwalbar.

Suka fita su uku. Gudrun ta ce daga wurin ana hango hasumiyar coci. Daga kowane layi ana hangowa. Ta ce akwai wani tsuntsu a kan waya. Ta nuna wata bishiya, Erwin ya durƙusa ya tona da hannu, jar ƙasarsa ya gani. Ta ce a'a, kamar can gaba ne. Suka je can gaba, ta juya ta ce watakila rana tana bayanta lokacin, watakila kuma gabanta. Rana ta riga ta busar da ruwan. Sawun ƙafa kuwa ko'ina akwai, don masu ɗanɗana inabi daga masana'antar giya sun zaga gonar a makon.

Gwiwoyin Erwin suka fara ciwo. Ya rasa abin da yake ji. Ya so ya yi faɗa, amma da wa? Yarinya ta ƙetare duniya da ƙasar kakansa a safa. Tun da ya ga kwalbar a kan tebur har yanzu bai san ko fushi yake ji ba. Mai yiwuwa ma babu komai a ƙasar. Mai yiwuwa kuma yanzu haka abin yana gangarawa saiwa, a wani layi da ya riga ya wuce.

Elva ta ja shi gefe. Ta ce idan ya kira malaman gona za su rufe ƙofa, ko ƙwara ɗaya ba za ta fita ba, inabin bana ya ruɓe a kan reshe. Ta ce ɗan cokali nawa ne ma ƙasar. Ta ce su gasa sauran a tanda su yi shiru. Erwin ya ga maganarta gaskiya ce. Da ya dubi layukan kuma sai ya ga ba gaskiya ba ce. Ya koma tono.

Yana durƙushe Mervyn maƙwabcinsa ya jingina da shinge.

"Me ka yar, tsoho? Haƙoranka?"

"Tafi ka ji da naka."

Mervyn ya yi dariya. Ya ce gobe zai kawo tarakta da akwatunan ɗiba kamar yadda aka saba, a fara da gonar Erwin, daga nan a wuce tasa, sannan ta sauran maƙwabta. Tarakta ɗaya ce ke zaga gonakin duka, tayoyinta ɗauke da ƙasar kowa.

Erwin ya dafa bishiya ya miƙe. Ya dubi gonar Mervyn a bayan shinge, da wadda ke bayanta.

"Kada ka kawo," ya ce.

"Me ya faru?"

"Ban sani ba tukuna. Kada ka kawo, kuma kada ka tsallako."

Ya koma gida ya ɗauki waya ya kira malaman gona. Gajeren bayani ya yi. Suka ce kada kowa ya fita, suna zuwa. Elva ta shige ɗaki. Gudrun tana bakin ƙofa tana share ido, ta tambaye shi me za a yi mata, me kuma za a yi wa itatuwan. Ya ce bai sani ba, ta zauna ta sha shayinta.

Ya ɗauko sarƙa ya gangara ƙofar gona. Inabi ya nuna, ƙamshinsa ya cika hanya. Ya ja ƙofar ya ɗaure daga ciki, ya tsaya yana duban titi.