Gidan Burodi da Kwalinsa

Glenys Hartigan ta kashe mota a ƙofar gidan marigayiya Dulcie da ƙarfe bakwai da kwata na safe, sai ta hangi motar Raelene, ƙanwar mijinta, ta riga ta kama inuwar bishiyar lemo. Ta daki sitiyari.

"Ka gani ko? Da ka haƙura da shayin nan na biyu, da mu ne a gaba."

Mijinta Merv ya nuna mata takardar da aka liƙa a ƙofar gareji. An rubuta da manyan baƙaƙe: GWANJON KAYAN GIDA, ƘARFE TAKWAS. BAN DA 'YAN SAMMAKO.

"Na iya karatu," in ji Glenys. "Wa ya ce maka sammako na yi? Zama na zo yi a motata."

Tun da safe rana ta fara gasa garin Mildura, rediyo ya ce kafin tsakar rana zafi zai kai digiri arba'in da ɗaya. Haka Disamba take a nan kudancin duniya, ba sabon abu ba ne. Amma a falon Glenys, bisa teburin da rabon a ci abinci a kansa tun Oktoba, gari guda ne kwance cikin dusar ƙanƙara ta auduga. Shekara talatin ke nan tana tara ƙananan gidajen tangaran na Kirsimeti, kowanne bai fi butar shayi ba, da ɗan ƙwan fitila a cikinsa. Ita kanta ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonta ba, kuma ba ta ga abin da ya haɗa wannan da wancan ba.

Su goma sha huɗu ne a ƙungiyarsu, suna haɗuwa Talatar farkon wata a zauren coci, kowacce da jerin da take bi. Akwai masu Ƙauyen Tsauni, da gidajen katako masu dogon rufi. Akwai masu Bakin Teku, da kwale-kwale da hasumiyar fitila. Akwai masu Garin Santa, waɗanda Glenys ke gaisarwa da kyau amma a ranta take ganin wasan yara suke yi. Ita Tsohuwar Landan take tarawa, jerin manya. Dokokin ƙungiya biyu ne rak, ba a kuma rubuta su ko'ina ba: ba a cakuɗa jeri da jeri, sannan gidan da ba shi da kwalinsa na asali maraya ake ce masa, ba ya hawa teburin baje koli.

Gida talatin da ɗaya ne a Tsohuwar Landan. Glenys tana da talatin. Na ƙarshen shi ne Gidan Burodin Tuppen, wanda kamfani ya yi wa ritaya shekara ashirin da biyu da suka wuce, wato ya daina yin sa, a makon da take kwance asibiti ana cire mata matsarmama. Tun daga nan take bar masa gurbi tsakanin kantin littattafai da shagon mai gyaran agogo. Duk shekara kuma sai Merv ya lallaɓa ya dasa kwalbar miyar tumatir a gurbin, ya ce ai gari ba ya yiwuwa ba wurin cin abinci.

Dulcie ma Tsohuwar Landan take tarawa, shi ya sa suka zama aminai, shi ya sa kuma suka zama abokan gaba. Duk wadda ta samu sabon gida, kafin ta cire takalmi za ta buga wa ɗayar waya ta yi mata gori. Glenys ta daɗe tana zargin gidan burodin yana wajen Dulcie. Ta tambaye ta ya fi sau ɗari.

"Ni? Ina na gan shi?" Dulcie za ta ce, tana zaro ido. "Ke dai ci gaba da nema, ƙawata. Nema ma motsa jiki ne."

Makonni uku ke nan da binne Dulcie. Glenys ta yi kuka na gaske a cocin, har Merv ya miƙa mata hankicinsa. Amma gaskiya ɗaya ce, tsakanin waƙa ta biyu da ta uku tunaninta ya leƙa wani kabad da ke lungun gidan Dulcie, wanda ba a taɓa buɗewa a gabanta ba. Ta ji kunyar kanta ƙwarai, tunanin kuma bai fasa leƙawa ba.

Takwas daidai ƙofar gareji ta yi sama. Trevor ne ya ɗaga ta, ɗan Dulcie tilo, ƙaton mutum mai furfura da ke tuƙa manyan motoci a mahaƙar ƙarfe can yamma. Kwana biyar ya samu na hutu don ya kwashe gidan, bai kuma san bambancin Tsohuwar Landan da sabuwa ba. Ya jere gidajen uwarsa tsirara a kan tebur, tsakanin kwalaben jam na shafa wa burodi da injin yankan ciyawa.

Glenys ta hango gidan burodin tun daga bakin titi. Jan bulo, koren rumfa, da ɗan mai burodi a taga riƙe da faranti. Zuciyarta ta buga. Ta zabura, gwiwarta ta hagu ta tuna mata shekarunta sittin da tara. Raelene kuwa, ƙanwar Merv, kullum safe sai ta yi iyo a tafkin gari, ta wuce ta fuu, ta ɗora hannu biyu a kan jan bulon.

"Raelene," in ji Glenys tana haki. "Sauke hannunki."

"Ina kwana, matar yaya. Ya gwiwa?"

"Ba jerinki ba ne. Ke Bakin Teku kike."

"To, masunta ba sa cin burodi?" Raelene ta rungume shi a ƙirji. "Gefen shagon kifi zan sa shi. Wuri ne mai iska."

Matan ƙungiya uku da suka iso a lokacin suka ja numfashi tare. Gidan Landan a bakin teku! Glenys ta san sarai ba son gidan Raelene take ba. Tun ranar da ta ce mata kek ɗinta na bikin Ista ya yi kama da bulon gini take jiran rana irin wannan, shekara shida ke nan.

"Merv, yi wa ƙanwarka magana."

"Ni direba ne," in ji Merv, ya juya yana duba wata tsohuwar ƙugiyar kamun kifi kamar zai saya.

Glenys ta tsaya, gumi na bin bayanta. Al'adar gwanjo ba ta da ɗaukaka ƙara, wanda ya riga taɓawa shi ke da kaya. Ta ƙura wa teburin ido don kada hawaye ya kunyata ta gaban Raelene, sai a nan ta lura da abin da ya kamata ta gani tun farko.

"Trevor, ɗana. Ina kwalayen?"

"Wane kwalaye, Anti Glen?"

"Kwalayen gidajen nan!"

"Au, waɗannan? Sun cika wuri. Na zuba su a shara jiya." Ya nuna durom mai murfi rawaya da ke jikin katanga.

Wata daga cikin matan ta dafe ƙirji. Raelene ta dubi durom, ta dubi tangaran ɗin da ya cika mata hannu biyu, ta gane in ta ajiye shi ya tafi. Wannan karon gwiwa ba ta samu bakin magana ba. Glenys ta isa durom ɗin, ta wurgar da murfi, ta zura kai. Kwalayen sama duk na banza ne, gidan waya, cocin dutse, tashar jirgi. Ta ƙara zurawa. Ta ƙara. Sai ga ƙafafunta sun bar ƙasa, takalmi ɗaya ya fice ya faɗa cikin furanni.

"Merv!" Muryarta ta fito daga ciki kamar daga rijiya. "Riƙe ni!"

"In jawo ki?"

"Na ce riƙe, ban ce jawo ba!"

Haka Merv ya tsaya a bakin titin Dulcie riƙe da idon sawun matarsa, yana gaisawa da masu wucewa da kai. Wani maƙwabci da ya fito ban ruwan ciyawa ya tambaye shi ko ita ma ta sayarwa ce. Merv ya ce a'a, wannan an yi mata ritaya tuntuni, ba a samun irinta.

"Ina jin ka!" in ji durom.

Da aka fito da ita, gashinta ya tashi tsaye, takardar gwangwanin wake manne a kafaɗarta, hannunta kuma riƙe da koren kwali mai hoton jan bulo. Ta ɗingisa da takalmi ɗaya ta koma gaban Raelene.

"To," in ji ta. "Maraya kike riƙe da shi."

"Ke kuma iska kike riƙe da ita."

"Ba zai hau teburin baje koli ba har abada."

"Naki kwalin sai ki sa masa fitila ki jera."

Suka tsaya ido cikin ido, rana na dukan ƙeyarsu. Matan ƙungiya suka rabu biyu, masu Ƙauyen Tsauni na bayan Glenys, mai Garin Santa na bayan Raelene, don ita ma an taɓa ce mata wani abu. Trevor ya sosa kai.

"Don Allah ku yi haƙuri, iyayena. Wai mene ne a cikin kwalin?"

"Babu komai," suka amsa tare.

"To me ya sa…"

"Trevor," in ji Merv a hankali, "bar shi. Ni shekara talatin ina tambaya."

Don ta nuna ba gaggawa take ba, Glenys ta buɗe kwalin ta duba ko farin soson da ke riƙe gidan yana nan lafiya. Yana nan. A bayan murfin kuma an manna wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Ta gane rubutun tun kafin ta laluba tabarau, irin mai kwanciya gefe guda kamar iska ta kaɗa shi. Ta karanta a zuci. Sai ta miƙa wa Trevor, shi ya karanta a fili.

"Wannan na Glenys Hartigan ne. A ba ta bayan na mutu, ba kafin nan ba. Kada a bar Raelene ta kai shi bakin teku."

A ƙasa akwai sa hannun Dulcie da kwanan wata. Shekara ashirin da biyu cif.

Mai Garin Santa ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Raelene ta yi ja har kunne.

"Ji tsohuwar nan! Tana kabari ma ba ta bar ni ba." Ta tura wa Glenys gidan. "Ungo. Da ma rumfar ba ta dace da kwale-kwalena ba. Ki tallafe shi ta ƙasa."

Glenys ta buɗe jaka, Trevor ya girgiza kai ya ce ba a sayar wa mutum kayansa. Ya ce ta shiga kicin ta wanke hannu. A ciki an kwashe komai, labule ma babu. Abin da ya rage kawai wayar bango ce da 'yar na'urar ɗaukar saƙo a ƙarƙashinta, jar fitilarta na ƙiftawa. Trevor ya leƙo ya ce sai ƙarshen wata za a yanke layin. Ta ce to, ta goge hannu a siket ɗinta don ba tawul.

Suka kama hanyar gida. Kwalin na kan cinyarta, ta ɗaura masa bel tare da ita.

Falon ya ɗauki zafi kamar tanda. Merv ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya karkatar da ita don kada ta kwashe audugar, sannan da kansa ya cire kwalbar miyar tumatir daga gurbin, ya ja da baya. Glenys ta zaunar da gidan burodin tsakanin kantin littattafai da shagon mai gyaran agogo. Ya shiga daidai, ko yatsa ba zai ratsa ba. Ta jona waya, taga ta yi haske, ɗan mai burodi ya fito fili da farantinsa. Ta gyara audugar bakin ƙofa da tsinken sakace.

"Talatin da ɗaya," in ji Merv. "Shi ke nan, an gama. Mu ci abinci a tebur baɗi?"

Ba ta ji shi ba. Daɗi ya cika ta har wuya, ƙafafunta kuma suka yi abin da suka saba, suka kai ta gindin waya da takalminta ɗaya. Sai da ta danna lambar Dulcie duka, ta ji tana ƙara a can, sannan ta tuna. Ta yi niyyar ajiyewa. A ƙara ta huɗu aka ɗauka.

"Nan gidan Dulcie ne. Ko ina lambu, ko ina barci. A bar saƙo, amma don Allah a taƙaita."

Glenys ta riƙe kan wayar da hannu biyu. Kewar matar nan ta taso mata gaba ɗaya, irin wadda ko a coci ba ta ji ba. Merv ya dube ta, ya ɗauki kwalbarsa ya shige kicin, ya ja ƙofa.

"Maƙaryaciya," in ji Glenys. "Shekara ashirin da biyu kina zaro mini ido. Wai nema ma motsa jiki ne! To na samu, kin ji? Da kwalinsa. Ya zauna daidai, ya ma fi kyau a teburina, ke da kin sa shi can kusa da tasha inda ba mai ganin sa. Kuma ba ki ga fuskar Raelene ba, Dulcie. Tsaya in ba ki labari tun daga farko…"

Ba ta kai ga labarin durom ba na'urar ta yi ƙara ta katse ta. Glenys ta share ido da bayan hannu, ta jawo kujera ta zauna, ta sake danna lambar.